Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara Manhajar Kimiyya: A Sauko Da Darasin Muhalli Daga Kan Allo

Zuwa ga shugabanni da mambobin kwamitocin tsara manhajar kimiyya ta makarantun sakandare, da marubuta littattafan darasi, da masu fitar da tambayoyin jarrabawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu ne daga cikin masu nazarin dangantakar halittu da muhallinsu, masu kuma koyar da shi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami babi ɗaya ne tak a darasin nazarin halittu, wato babin da ke bayanin yadda tsarin muhalli yake aiki. Ana koyar da shi a matsayin jerin ma'anoni da za a haddace a zuba a takardar jarrabawa, alhali babu babin da ya kai shi sauƙin gani da ido, babu kuma wanda jahiltarsa ta kai tasa ɓarna. Yaron da ke zaune a aji yau, shi ne gobe zai sa hannu a takardar feshin maganin ƙwari, ko gina madatsar ruwa, ko shigo da sabon irin kifi cikin tafki. Idan abin da ya fita da shi daga makaranta bai wuce haddar "ciyawa, fara, ƙadangare, shaho" ba, to da wannan zai yanke hukunci, kuma ƙasa da ruwa ne za su ji a jikinsu.

Tun a 1935 masanin tsirrai ɗan Ingila, Arthur Tansley, ya ja hankali cewa ba a raba halittu da ƙasa da ruwa da iska da hasken da suke rayuwa a ciki, domin duka tsari ɗaya ne. A cikin wannan tsari abubuwa biyu ne suke tafiya, kuma tafiyarsu ta sha bamban. Makamashi yana shigowa daga rana, ya ratsa halittu sau ɗaya, ya fice a matsayin zafi, ba ya dawowa. Sinadaran da aka gina jiki da su kuwa, irin su kabon da naitirojin da fosfaras, zagayawa suke yi, daga ƙasa da iska zuwa jiki, daga jiki su koma. Littattafai da yawa suna cakuɗa waɗannan biyun a zane ɗaya, har ɗalibi ya rubuta cewa makamashi yana komawa ƙasa idan dabba ta ruɓe, tsiro ya sake sha. Wannan kuskure ne tun daga tushe, kuma duk abin da aka ɗora a kansa karkatacce ne.

Mu fara da makamashi. Daga hasken ranar da ke sauka kan fili mai tsirrai, abin da ganye ke iya kamawa ya mayar abinci bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Daga nan kuma, a kowane mataki na ci, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke zama jikin wanda ya ci. Wani matashin masani Ba'amurke, Raymond Lindeman, shi ne ya shimfiɗa wannan lissafi bayan ya yi shekaru yana auna rayuwar wani ƙaramin tafki a jihar Minnesota. An buga aikinsa a 1942, shekarar da ya rasu yana ɗan shekara 26. Ɗalibai sun san adadin, amma ku tambaye su ina sauran kashi 90 ya tafi, za ku ji shiru. Hanyoyi uku ne. Ba duk tsiro ake ci ba, saiwa da itace da busasshen kara suna nan. Ba duk abin da aka ci yake narkewa ba, wani yana fita a bayan gida. Wanda ya narke kuma, mafi yawansa dabba tana ƙona shi wajen numfashi da tafiya da neman abokin barbara da ɗumama jiki. Shi ya sa tsuntsu da dabba mai shayarwa, waɗanda dole su riƙe zafin jikinsu dare da rana, abin da suke mayarwa tsoka bai cika wuce kashi 2 ko 3 na abin da ya narke a cikinsu ba, alhali ƙwaro da kifi suna ninka haka sau da yawa.

A bar ɗalibi ya yi lissafin da hannunsa. Ciyawa ta tara kilojul 10,000 na makamashi. Fara ta samu 1,000, ƙadangare 100, shaho 10. Da zarar ya rubuta wannan, zai gane da kansa dalilin da ya sa sarƙar abinci ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba, da dalilin da ya sa zaki bai taɓa yawa kamar barewa ba, da dalilin da ya sa manyan mafarauta ne ke fara ɓacewa idan aka datsa daji gunduwa-gunduwa. A gaya masa kuma kashi 10 ɗin matsakaici ne. A aune-aune na zahiri ana samun daga kusan 5 zuwa 20. Sannan a gyara maganar kibiyar da ake zanawa a sarƙar abinci: tana fita ne daga wanda aka ci zuwa wanda ya ci, domin hanyar makamashi take nunawa. Akwai wani abu da marubuta ke yawan tsallakewa. A cikin teku da manyan tafkuna, idan aka auna nauyin halittu a rana guda, ana iya tarar da ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa ba su kai nauyin masu cin su ba. Dokar ba ta karye ba. Tsirran ne ke ninka kansu cikin kwana ɗaya ko biyu, ana ci suna sabuntawa. Wanda aka koya wa cewa dalar nauyi, wato zanen nauyin halittu mataki-mataki, kullum faɗinta a ƙasa yake, ranar da ya gamu da wannan zai ɗauka duk babin tatsuniya ce.

Yanzu ga zagayen sinadarai. Tambaya mafi amfani da malami zai buɗe wannan darasi da ita ita ce: daga ina nauyin itace ya fito? Kusan kowa zai ce daga ƙasa. Wani masani a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya gwada wannan a ƙarni na 17. Ya dasa ɗan itace mai nauyin kusan kilo 2 a tukunya mai busasshiyar ƙasa kusan kilo 90, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Shi ya ce ruwa ne ya zama itace, kuma ya faɗi rabin gaskiya. Ɗaya rabin a iska yake: kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, an zuƙo shi daga iskar kabon dayoksaid wadda kusan kashi 0.04 ce kawai cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya riga ya fahimci abin da ke faruwa idan aka ƙona daji, ba sai an yi masa dogon wa'azi kan ɗumamar yanayi ba.

Masu ruɓar da matacce, wato bakteriya da funfuna da gara da tana da buzuzu, layi biyu ake ba su a ƙarshen shafi. A ganinmu su ya kamata a ba mako guda cur, domin a yawancin dazuzzuka mafi yawan abin da tsirrai suka samar bai taɓa shiga bakin mai cin ɗanyen ganye ba, faɗuwa yake ya bi ta hannunsu. Ostireliya ta ɗanɗana rashinsu. An kai shanu can tun 1788, amma buzuzun ƙasar ya saba da busasshen kashin kangaru, ba ya iya aiki da na shanu. Sai kashin ya riƙa bushewa a kan makiyaya yana danne ciyawa tsawon watanni, ƙudaje suna hayayyafa a ciki. Sai da hukumar bincike ta ƙasar ta shiga shigo da buzuzu daga Afirka da kudancin Turai, daga ƙarshen shekarun 1960, bayan ta tantance kowane iri, kafin lamarin ya yi sauƙi.

Ana iya nuna aikin masu ruɓarwa a kowace makaranta da kayan da ba su taka kara sun karya ba. A ɗinka 'yan jakunkuna na raga, santimita 20 tsawo da faɗi, iri biyu: masu ƙananan ƙofofi kamar milimita 1, irin ragar gidan sauro, da masu manyan ƙofofi kamar milimita 5. A zuba busasshen ganye iri ɗaya giram 10 a kowace, a ɗinke baki, a ɗaura mata lamba. A shimfiɗa su a ƙasa ƙarƙashin inuwa, a kafe su da tsinke, tara daga kowane iri. Bayan mako 2 a ɗauko uku-uku, haka bayan mako 4, haka bayan mako 8. A shanya su su bushe ƙarau, a kakkaɓe ƙasa da burushi mai laushi, sannan a auna. Ragar da ke da ƙananan ƙofofi bakteriya da funfuna da 'yan mitsi-mitsin halittu kaɗai ke shiga, mai manyan ƙofofi kuwa gara da tana suna shiga, kuma bambancin nauyin shi ne aikinsu. Abin da ke ɓata wannan gwaji sananne ne. Idan ba a busar sosai ba, ko ba a kakkaɓe ƙasa ba, nauyi sai ya ƙaru maimakon ya ragu. Idan aka yi shi a busasshiyar ƙasa ba a yayyafa ruwa ba, kusan babu abin da zai motsa, domin masu ruɓarwa ba sa aiki sai da laima. Jaka ɗaya-ɗaya kuma ba ta isa, don gara na iya cinye wannan ta bar maƙwabciyarta.

Naitirojin shi ne kashi 78 cikin 100 na iska, amma tsiro ba ya iya amfani da shi a haka, sai wasu bakteriya sun sarrafa shi. Ana zana wannan a littafi da kibau goma sha wani abu, yaro ya haddace ya manta. Ku sa a tone gindin wake ko gyaɗa mai mako biyar ko shida da tsirowa. A tona da cebur, kada a tuge, don kada ƙulle-ƙullen saiwa su tsinke su zauna a ƙasa. A wanke saiwar a hankali, a tsaga ƙulli ɗaya da reza. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, bakteriyar suna kan aiki. Idan fari ne, ba su fara ba. Idan kore ne ko toka-toka, sun daina. Jan launin daga wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke jinin mutum, aikinsa ya riƙe oksijin don kada ya lalata masu sarrafa naitirojin. A nan ne kuma za a bayyana dalilin da ya sa shuka ke yin rawaya idan aka binne ɗanyen garin katako ko kara mai yawa a gindinta. Masu ruɓarwa suna buƙatar kusan kashi 25 zuwa 30 na kabon ga kowane kashi 1 na naitirojin. Garin katako yana da kabon ninki ɗaruruwa, don haka sai su wawashe naitirojin ɗin da ke ƙasa don cike giɓi, shuka ta zauna da yunwa har sai ruɓewar ta kammala.

Yawan sinadari ma masifa ne, kuma wannan ne ya fi ba ɗalibai mamaki. A 1973, a yankin tafkunan gwaji na jihar Ontario ta Kanada, David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki biyu da labulen roba. Gefe biyun duka aka zuba musu kabon da naitirojin, gefe ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Gefen fosfaras ya rufe da gansakuka ya koma kore shar, ɗayan ya zauna garau. Darasin shi ne girma yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci, kuma da zarar an cike wannan ƙarancin, sai abu ya ɓalle. Haka takin zamani da ruwan kwata ke yi wa tafki. Gansakuka ta yi yawa, ta tare haske, ta mutu, bakteriya su taru a kanta suna shanye oksijin. Da rana ba a ganewa, don tsirran ruwa suna fitar da oksijin. Da dare kowa zuƙa yake, babu mai fitarwa, shi ya sa kifi ke taruwa a saman ruwa yana haki da asuba, kuma a lokacin ne yake mutuwa. Zafi yana ƙara tsananta abin: lita ɗaya ta ruwa tana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30, kuma yawancin kifaye suna shiga wahala idan ya sauko ƙasa da 5.

Gwajinsa kwalba uku ce masu haske, kowace da lita ɗaya ta ruwan kududdufi. Ta farko a bar ta haka nan. Ta biyu a sa mata takin zamani da bai wuce rabin giram ba. Ta uku a sa mata taki daidai da ta biyu amma a ajiye ta cikin duhu. Biyun farko a ajiye su wurin haske, baki a buɗe, a duba launi kullum har mako biyu. Kada a yi da ruwan famfo, don maganin da ke cikinsa ya kashe gansakukar da ake son gani. Kada a cika taki, don gishirinsa zai kashe komai. Kada a bar kwalba a tsakiyar rana ta dafe. Kada kuma a sa kifi a ciki. Babu buƙatar kashe rai don nuna abin da launin ruwa ya riga ya nuna.

Akwai abin da ke bin sarƙar abinci yana ƙaruwa yayin da makamashi ke raguwa, wato gubar da jiki ba ya iya narkarwa ko fitarwa. A tafkin Clear Lake na jihar Kalifoniya an yi feshin DDD, wani maganin ƙwari ɗan'uwan DDT, a 1949 da 1954 da 1957 don kashe wasu ƙananan ƙwari masu damun mutane. An tsarma shi ƙwarai, kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwa a feshi biyun ƙarshe. Sai tsuntsayen ruwa masu cin kifi suka fara mutuwa. Da aka auna kitsen jikinsu aka tarar da gubar ta kai kashi 1,600 cikin miliyan, ninki 80,000 na abin da ke ruwa. Dalilin yana cikin lissafin da ɗalibi ya riga ya yi: kowane mai ci yana cinye ninki goma na abin da zai zama jikinsa, abincin ya ƙone, gubar ta maƙale a kitse. Muna roƙo a haɗa waɗannan darussa biyu a wuri ɗaya, a daina ajiye ɗaya a babin muhalli ɗaya a babin gurɓata yanayi kamar ba su san juna ba.

Sarƙa kanta sauƙaƙawa ce. A zahiri kamar yanar gizo-gizo ce, kowa yana cin abu fiye da ɗaya, kuma zaren ba ƙarfinsu ɗaya ba. A 1963 Robert Paine ya zaɓi wani yanki na duwatsun bakin teku a jihar Washington ta Amurka, ya riƙa ɓamɓare wata dabba mai siffar tauraro yana jefa ta cikin teku, ya bar yankin da ke kusa yadda yake don kwatance. Wannan dabba kumba take ci, wato wata halittar ruwa mai ƙoƙo biyu da ke manne wa dutse. Da ta kau, kumba ta mamaye dutsen ta kori saura, ire-iren halittun wurin suka sauko daga 15 zuwa 8. Ashe mafarauci ne ke riƙe da yalwar wurin, ta hanyar danne wanda ya fi kowa iya ƙwace fili.

Angulu a Indiya ta ba da irin wannan darasi da tsada. Daga shekarun 1990 wasu ire-irenta uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 aka tabbatar da sanadin: maganin ciwon jiki mai suna diclofenac da ake yi wa shanu, wanda ke kashe ƙodar angulun da ta ci mushen dabbar da aka yi wa allurar kafin ta mutu. Mushe ya riƙa zama yana ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma angulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka farfaɗowarta ba ta kusa ba ce. Abin kan zo ta fuskar alheri ma. A Serengeti ta Tanzaniya, rigakafin ciwon bushiya da aka yi wa shanun kewaye ya sa cutar ta bar namun daji. Garken dabbar nan mai kama da saniya da ake kira wildebist ya tashi daga kusan 250,000 a farkon shekarun 1960 zuwa sama da miliyan 1 kafin ƙarshen shekarun 1970. Suka cinye ciyawar da a da take bushewa ta zama abincin gobara, gobara ta ragu, ƙananan itatuwa suka samu damar girma. Allurar saniya ta ƙara itatuwa a daji, kuma babu wanda ya yi ta da wannan niyya.

Wanda bai san irin waɗannan ba, garin neman gira zai rasa ido. A 1935 aka kai kwaɗi 102 daga Hawaii zuwa jihar Queensland ta Ostireliya don su ci ƙwaron da ke ɓata rake. Ƙwaron a saman kara yake zama, tsutsarsa a ƙarƙashin ƙasa, kwaɗon bai kai ga ko ɗaya ba. Ya ci abin da ya samu, ya bazu a arewacin ƙasar, gubar fatarsa tana kashe macizai da guza da kadoji masu haɗiye shi. Bambancinsa da buzuzun da muka ambata shi ne an yi wa buzuzu tambayoyi kafin a sake shi: me yake ci, a ina yake zama, wa zai ci shi, me zai hana shi wuce gona da iri. Tambayoyin nan huɗu muke son kowane ɗalibi ya iya yi ko cikin barci.

Ta ƙarshen ita ce batun iyakar abin da wuri zai iya ɗauka. A 1944 aka saki barewar ƙanƙara 29 a tsibirin St. Matthew da ke tekun Bering, inda babu mafarauci, abinci kuma ya yi shekaru aru-aru yana taruwa. A 1957 sun kai 1,350, a 1963 sun kai 6,000. Tsiron kan dutse da suke dogaro da shi a lokacin sanyi yana ɗaukar shekaru gommai kafin ya dawo, kuma sun riga sun share shi. Hunturu mai tsanani ya zo, da aka koma a 1966 saura 42. A lura, garken da ya zarce iyaka ba ya komawa kan iyakar da ya tarar, domin ya lalata ta kafin ya faɗi.

Ba a fahimtar yawan halittu sai an ƙirga, kuma ƙirga tana da ƙa'ida. Don tsirrai, a haɗa firam na katako ko igiya, mita 1 tsawo da faɗi. A auna fili, a ce mita 30 da mita 20. A rubuta lambobi a 'yan takardu, jaka ɗaya ta tsawo ɗaya ta faɗi, a ja ƙuri'a, inda lambobin biyu suka haɗu nan za a ajiye firam. Jefa firam ta bayan kai ba ƙuri'a ba ce, hannu yana karkata wajen da ido ya riga ya so. Tsiron da ya hau kan layi a ƙirga shi a gefe biyu kawai, a bar na sauran biyun, in ba haka ba adadi zai kumbura. Idan firam 20 suka ba da tsiro 140, matsakaici 7 ke nan, a ninka da murabba'in mita 600, a samu kimanin 4,200. Ciyawa mai yaɗo ba ta ƙirguwa ɗaya-ɗaya, sai a raba firam da zare kowane santimita 10 ya zama gida 100, a ƙirga gidajen da ta rufe. Ana gane firam sun isa idan aka riƙa sabunta matsakaici bayan kowane ɗaya har ya daina tsalle.

Don dabba mai motsi, dodon koɗi na tudu ya fi sauƙi. A kama 60, a ɗiga wa kowane ɗan fenti mara ƙyalli a gefen ƙoƙonsa na ƙasa, a mayar da shi daidai inda aka ɗauke shi. Bayan kwana biyu a sake kamu a lokaci irin na farko. A ce an kama 50, 15 daga ciki masu alama. A ninka 60 da 50, a raba da 15, a samu kimanin 200. Fenti mai ƙyalli yana jawo tsuntsu ya tsince masu alama, adadi ya fito sama da gaskiya. Komawa da wuri kafin su gauraya yana sa a sake kama su ɗin dai, adadi ya fito ƙasa. Idan masu alama a kamu na biyu ba su kai goma ba, kada a amince da sakamakon. A wanke hannu da sabulu bayan aiki, kuma kada a tura yara cikin ruwan kwance neman dodon koɗin ruwa, saboda tsargiya. Malami ya ɗebo ruwan gwaji da guga mai igiya.

Akwai jumla ɗaya da muke roƙon a cire daga littattafai, wadda ke cewa muhalli yana zaune cikin daidaito muddin mutum bai taɓa shi ba. A dazuzzukan Kanada yawan zomo da na kyanwar dajin da ke cin sa yana hawa yana sauka kusan duk shekara goma, ba da hannun kowa ba. Filayen ciyawa da yawa gobara da kiwo ne suke riƙe da su tun fil azal. Wanda ya ɗauka duk fili mara itace lalatacce ne zai dasa itace inda bai dace ba. Afirka ta Kudu tun 1995 take da shiri na musamman na sare baƙin itatuwa, irin su turare, da aka shigo da su suka mamaye bakin rafuka suna shanye ruwan da ya kamata ya gangara. Muna ƙaunar itace, kuma saboda haka ne muke son a koya wa yara tambayar wane iri, a wane wuri, da ruwan wa.

Abin da muke nema a hannunku yake. A ware wa wannan babi aƙalla darasi huɗu a waje da aji, a jera su yadda jakunkunan ganye za su samu makonninsu takwas a lokacin da ƙasa ke da laima, tun daga farkon zango. A sa igiya da tef na awo da raga da ma'aunin da ke karanta giram ɗaya-ɗaya a jerin kayan da dole kowace makaranta ta mallaka. A horar da malamai su yi gwaje-gwajen da hannunsu kafin su tsaya gaban aji, domin wanda bai taɓa ganin nauyin jakar ganye ya ƙaru ba, ba zai san abin da zai ce wa yaro ba ranar da hakan ta faru. Ku kuma masu fitar da tambayoyi, malami abin da kuke tambaya shi yake koyarwa. A rage "kawo ma'anar", a ba ɗalibi yanar abinci mai halittu takwas ko goma a cire ɗaya a ce ya bi sawun abin da zai biyo baya har mataki biyu, a ba shi sakamakon firam ya fitar da adadi, a ba shi gwajin da aka yi ba daidai ba ya nuna inda aka kuskure. A ware wani kaso na maki ga littafin da ɗalibi ya rubuta aune-aunensa na fili, da kwanan wata da wuri da yanayin ranar, malami ya sa hannu a kowane shafi.

Muna shirye mu zauna da kwamitocinku mu duba babin layi-layi, mu kuma rubuta jagorar gwaje-gwajen ga malamai, idan kuka ba da dama kafin bugu na gaba.

Wassalam. Naku,
Wasu masu nazarin muhalli da koyar da shi.